Baƙon da Ya Zo Neman Leobardo

Ni na riƙe Leobardo a coci ranar da aka yi masa baftisma, can ƙauyenmu a jihar Michoacán, ƙasarmu ta haihuwa da ke kudu da Amurka, yana ta tsala ihu har fada ya rasa inda zai sa kansa. Shi ya sa har ya girma Madrina yake ce mini, wato uwar baftisma, iyayensa kuma su ce Komadre, ni in ce wa ubansa Kompadre. Don haka in na ba da labarinsa ba tsegumin bakin fili nake kwasowa ba. Yaro ne da na san ranar da haƙorinsa na fari ya fito.

Yana ɗan shekara uku ubansa, Don Tacho, ya saɓo shi a wuya suka tsallako hamada zuwa Amurka, uwarsa Herlinda na biye da su da galan ɗin ruwa. Ni na riga su zuwa, ni na sauke su a ɗakina. Garin nan namu na arewacin Jojiya garin kaji ne, duk wanda ka gani a hanya da sassafe kamfanin kaji za shi, iska ma in ta kaɗa ƙarninsu take kawowa. Tacho ya shiga sashen da ake rataye kaji da ransu a ƙugiya, Herlinda ta shiga layin cire ƙashi. Takardar zama kuwa babu mai ita a cikinsu, kamar yadda ni ma ba ni da ita, kamar rabin mutanen unguwarmu.

Yaron ya tashi yana jin kansa ɗan gari. Turanci a bakinsa ya fi namu yaren zama, in ya yi fushi ma da shi yake yi. Sai da ya kai shekarun da abokansa ke karɓar lasisin tuƙi ya zo wa ubansa da maganar, Tacho ya zaunar da shi a bakin gado ya gaya masa gaskiya. Herlinda ta ce ranar bai ci abinci ba. Akwai wata takardar sassauci da aka taɓa ba yara irinsa, to amma kafin shekarunsa su kai an rufe ƙofarta. Haka sa'arsa take tun farko, kullum sai an tashi daga kasuwa yake isowa.

Kai kuwa Allah ya ba shi. Ba don ɗana ba ne nake faɗa, ku tambayi kowa. Abin da yake so ya karanta ma a gida ya samo shi. Hannayen Herlinda sun kumbura saboda wuƙar layi, yatsunta sun ƙage, wani lokacin ko maɓallin riga ba ta iya sawa. Kullum ta dawo aiki sai ya ɗora ruwan ɗumi, ya zauna a gabanta yana murza mata yatsa ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa mata sunan kowace jijiya da Turanci.

"Kai dai murza," in ji ta, "sunayen ka bar wa malamanka."

"Mama, wata rana a asibiti zan riƙa yin wannan, da farar riga. Ke ce ta farko a layi."

"Layi kuma? Na gaji da layi, ɗan nan. Ka kawo mini kujera."

Akwai malamarsa ta kimiyya, Malama Whitlow, wata 'yar ƙaramar Baturiya mai furfura da tsohuwar mota. Ita ta ɗauki maganar jami'arsa a ka. Shekararsa ta ƙarshe a sakandare babu ƙofar da ba ta buga ba. Manyan jami'o'in jihar ba su ɗaukar marar takarda ko da kansa zinariya ne. Ƙananan kuma su ce to, ya zo, amma a matsayin baƙo daga waje, da kuɗin da ko Tacho ya rataye duk kajin Jojiya ba zai tara ba. Tallafin gwamnati kuwa ba a ma zancensa. Duk ƙofar da ta hango sai ta kira shi da murna ta ce wannan karon an dace, shi kuma ya rugo gida ya gaya mana, mu yi ta godiya ga Allah, bayan 'yan makonni a ce a yi haƙuri. Ta ƙarshen, a cikin ajinta ya fashe da kuka, ƙato da shi. Na ji haushin matar a lokacin, na ce da ta bar yaron nan ya huta da ɗaga shi sama tana sakinsa.

Ranar yaye su ya hau dandali da lambar yabo a wuya, muka yi ta shewa har Turawan da ke gabanmu suka waiwayo. Mako na zagayowa ya sa takalmin roba ya bi ubansa sashen rataye kaji. Shekara guda ya yi a nan. Ba ya ƙorafi, amma ya daina faɗin sunayen jijiyoyi, sai dai ya murza hannun uwarsa shiru.

Abin da ya rage masa a duniya Lahadi ce.

Filinmu na ƙwallo yana bayan wata tsohuwar masaƙar darduma da aka rufe, ta wancan gefen kuma daji ne na itatuwan fir. Daga an fito coci kowa can yake nufa, da kujerun ninkewa da akwatunan ƙanƙara da kiɗa a bayan motoci. Mutumin da ya yi kwana shida yana tsaye cikin sanyin kamfani ana masa tsawa da yaren da ba ya ji, ranar Lahadi shi ne mai tsawa. Ni a bakin filin nake da rumfa, ina sayar da tamale, wato irin alalenmu na masara, da kunun masara, shekara da shekaru. Babu wanda ya isa ya ci bashin zagi a wurina, nan take nake biya.

Leobardo gola ne. Dogo, siriri, ƙafafu kamar ba za su ƙare ba, shi ya sa a fili Zalɓe ake ce masa. In ya tsaya a raga sai ka ga wani mutum daban, ba wannan mai sunkuyar da kai na ranar Litinin ba. Yana yi wa manyan mutane masu gemu tsawa su kuma suna bi.

"Kai Tulu, koma baya! Tumbin nan ka tare hanya da shi mana, ya yi amfani yau!"

"Ubanka ne Tulu!"

"Ubana yana can yana kallonka, kunyarka yake ji!"

Jama'a su kwashe da dariya. In ya cafke ƙwallo a sama sai ya waigo rumfata ya ɗaga mini ita, ni kuma in ɗaga masa ludayi. Ban san komai a ƙwallo ba, amma na san ranar da yaron nan yake numfashi.

Filin yana da dokokinsa, ba a rubuce suke ba amma har yaran goye sun sha su a nono. Ta farko, ba a kiran kowa da sunan yanka. Akwai Tulu, akwai Gwangwani, akwai Angon Bara, akwai wanda muka yi shekaru muna gaisawa ban san sunansa ba sai ranar da aka kai shi kabari. Ta biyu, in baƙo ya tambayi wani, ba ka san shi ba, ko da uwa ɗaya ta haife ku. Ta uku a hannun alƙalin wasa take, Don Cleofas, wani tsoho mai gajeren wando da ya fi kowa daɗewa a ƙasar, ya kuma fi kowa jin Turanci cikin manya. In ya ga abin da bai gamsu da shi ba, sai ya busa usur mai tsawo ya ce a sha ruwa, alhali lokacin shan ruwa bai yi ba. Daga nan duk wanda ya san kansa sai ya taka a hankali ya bi ta bayan banɗaki ya shige daji. Ba gudu, ba waiwaye. Wannan usur ya ceci mutanen da ba zan iya lissafawa ba, kuma duk wanda zai zagi dokokin nan ya zo ya zage su a gabana.

A bazarar da nake magana, hankalin kowa a tashe yake. Migra, wato jami'an shige da fice, sun yi kame a wata unguwar tireloli, wato gidajen kwano masu taya irin waɗanda muke zama a ciki, a garin da ke kusa da mu. Cikin waɗanda aka kwashe har da ɗan'uwan Herlinda, an tafi da shi da silifas. Labari ya yi ta yawo, wani ya ce sun zo ne da kayan gida, wani ya ce cewa suka yi saƙo suka kawo. Gaskiya ne, ƙarya ne, oho. Mu dai mun ƙara wa kanmu doka: lambar da ba ka sani ba in ta kira, kada ka ɗauka. Leobardo da kansa ya ce mini wata lamba ta yi ta damunsa a makon nan.

"Ka ɗauka?" na ce.

"Haba Madrina, ni yaro ne?"

"Yawwa. Allah ya yi maka albarka."

Lahadin da ta biyo, ana tsakiyar zagayen farko, wata farar mota mai tsabta ta shigo ta tsaya nesa da sauran. Mu motocinmu duk akwai gashin kaji a ciki. Wani Bature ya fito, dogo, aski ƙwal, baƙin tabarau, riga a cikin wando. Bai zo da mata ba, bai zo da yara ba, bai zo da kujera ba. Ya tsaya a bayan ragar Leobardo ya naɗe hannu. Kiɗan da ke tashi a bayan motoci ya fara raguwa, ɗaya bayan ɗaya.

Ana haka aka ba abokan hamayya fenariti. Leobardo bai ma lura da baƙon ba, hankalinsa na kan ƙwallo. Mai bugu ya buga can ƙasan kusurwa, yaron nan ya miƙe kamar an ja shi da igiya ya ture ta da yatsu. Da wata Lahadin ce, da filin ya tsage da ihu. Ranar kuwa tafi ɗai-ɗai aka yi, don kowa ya ga Baturen ya ciro waya yana ɗaukar hoton golan.

Sai ga shi ya nufo rumfata. Na dake, na ɗaure fuska. Ya nuna tukunya da yatsa, na zuba masa tamale guda a faranti. Bawan Allah ya ɗauka ya kai baki da ɓawon masarar da aka naɗe shi da shi, ya gatsa, ya yi ta fama yana taunar ɓawo, yana murmushi wai kada in ji kunya. Matar Gwangwani da ke gefena ta toshe baki da gyale.

"Doña Chelina," ta raɗa mini, "wannan ba migra ba ne. Migra sun san yadda ake cin tamale, a kanmu suke ci."

"Rufe mini baki," na ce, "so kike ya ji?"

Daga wurina ya wuce wurin Don Cleofas a bakin layi. Ni ba na jin Turanci sai na ciniki, amma abu ɗaya na ji da kunnena, kuma duk wanda ke kusa ya ji. Ya ce: "Leobardo Pedraza Lemus." Suna uku cif, har da na dangin uwa. A ƙasar nan babu mai kiran ɗayanmu haka sai hukuma. Herlinda da ke zaune kusa da ni ta damƙe hannuna da kumburarrun yatsunta har na ji zafi.

Cleofas ya busa usur mai tsawo, ya ce a sha ruwa.

Na ga Leobardo ya tsaya a raga yana dube-dube. Wani ya wuce ta kusa da shi ya faɗa masa magana. Ya cire safar hannunsa a hankali, ya taka kamar mai zuwa fitsari, ya bi ta bayan banɗaki. Mutane da yawa sun bi bayansa, fili ya zama kamar an share.

Tacho bai bi su ba. Mutumin da ko mai karanta mitar wuta ya gani sai ya shige ɗaki, ranar ya tashi daga kujerarsa ya cire hula, ya je ya tsaya kusa da Cleofas a gaban Baturen. Daga rumfata ina hango su. Baturen yana magana, Cleofas yana juya wa Tacho, Tacho yana girgiza kai. Abin da na jiyo daga bakin kompadrena Tacho, don da ƙarfi ya faɗa, shi ne: "Ka gaya masa ba mu san mai wannan suna ba. Golan nan ɗan ci-rani ne, yau yana nan gobe ba ya nan." Baturen ya daɗe yana bayani da hannu. Daga ƙarshe ya duba dajin, ya duba filin da babu kowa, ya shiga motarsa ya tafi.

Ranar Tacho gwarzo ne. Maza suka yi ta dafa kafaɗarsa. Ni kaina na zuba masa kunu na ce kada ya kuskura ya sa hannu a aljihu.

"Me ya ce yana nema?" na tambaye shi.

"Me za su ce, Komadre? Ƙarya da dabara. Har sunan malamarsa sun sani."

Bai ƙara ba, ni ma ban tona ba.

Kafin tsakiyar mako an gama shawara. Herlinda tana da wa a Karolina ta Arewa da ke aikin gonar taba, can za a tura yaron ya ɓace har ƙura ta lafa. Aka karya layin wayarsa aka jefa a kwata. Da safe ya biyo ta wurina da jaka a kafaɗa, mai motar da zai kai shi yana jira.

"Madrina, me na yi musu?" ya ce. "Ko jan wuta ban taɓa tsallakewa ba. Ni da ba na tuƙi ma."

"Ba sai ka yi komai ba, ɗana. Ka tafi dai. Wata biyu, uku, ka dawo."

"Saura wasa biyu mu ɗau kofi fa. Wa zai tsaya musu a raga? Tulu?"

"Ai shi ya cika ragar ko bai motsa ba."

Ya yi dariya, amma idonsa ya kawo ruwa. Na cusa masa tamale a jaka, na yi masa alamar gicciye a goshi, sai da ya sunkuyo kafin hannuna ya kai.

Cleofas ya dakatar da wasa na wasu makonni. Shi ya ba da labari cewa Lahadin da ta biyo ya wuce ta hanyar a mota, ya hango farar motar nan a filin, Baturen yana tsaye shi kaɗai a bakin raga. Wata rana kuma an buga ƙofar tirelar su Tacho da rana, Herlinda ta kwanta a ƙasa bayan kujera har mai bugun ya gaji. Muka ce kun gani ko, da gaske suke nemansa, Allah ya sa an fitar da shi da wuri.

An gudu ba a tsira ba. Ana tsakiyar yankan taba, wata yamma motar da ke kwaso leburori daga gona ta haɗu da 'yan sanda a hanya, wai fitilar baya ɗaya ta mutu. Direba ba lasisi, waɗanda ke ciki ba takarda. Aka miƙa su gaba ɗaya. Da yana garinmu da ƙafa yake zuwa aiki, tsakanin tirelarsu da kamfani ba nisa. Ya yi makonni a tsare, muka yi ta neman lauya, lauya ya ce a yi addu'a. Daga nan aka sa shi a jirgi zuwa ƙasar da ya bari a wuyan ubansa.

Herlinda ta kwanta ciwo. Tacho ya ci gaba da zuwa aiki, yana cewa ƙaddara ce, sun riga sun sa masa ido, ko ina ya shiga sai sun kamo shi. Da wannan maganar yake samun barci, mu ma da ita muke ba shi haƙuri.

Dab da komawa makaranta aka dawo da wasa. Wata Lahadi sai ga tsohuwar motar Malama Whitlow ta shigo fili. Ta rame, ashe duk hutun tana wata jiha mai nisa tana jinyar mahaifiyarta har ta rasu. Ta gane ni, ta zo rumfata kai tsaye, tana haɗa 'yan kalmomin yarenmu da ta koya wurin ɗalibai. Na aika aka kira Cleofas ya yi mana tafinta, Tacho ma ya taso.

"Ina Leobardo?" ta ce. "Wayarsa ba ta shiga. Na aiko masa da mutum, ya ce an ce masa babu mai wannan suna a nan."

Na ga fuskar Cleofas ta canza tun kafin ya juya mana maganar.

Ta ce mutumin, wato Baturen farar motar nan, kocin ƙwallo ne na wata ƙaramar kwaleji mai zaman kanta a jihar da ke maƙwabtaka da mu, irin waɗanda ba ruwansu da takardar zama in sun ga ɗalibin da suke so. Golansu ya kammala, suna neman wani. Malama Whitlow ta tura masa sakamakon yaron da hoton wasansa na sakandare, ya ce in ya gan shi da ido ya gamsu, karatu da ɗaki da abinci duk a kansu. Har sashen gyaran jijiyoyi da gaɓoɓi suna da shi. Ya zo, ya gani, ya gamsu tun a fenaritin nan. Ya yi ta nema har lokaci ya ƙure, ya ɗauki wani yaro.

"Me ya sa ba ki gaya wa Leobardo ba?" na daka mata tsawa, na manta ma ba ta jin rabin abin da nake faɗa. "Ai kina da baki! Me ya hana ki faɗa?"

Cleofas ya juya mata. Ta fashe da kuka. Ta ce sau nawa tana gaya masa an dace ana fasawa, ranar da ya yi kuka a ajinta ta yi wa kanta alkawari ba za ta sake ɗaga masa rai ba sai abu ya tabbata. Sai ta juyo wurin Cleofas ta ce: "Amma ai kocin ya ce ya yi muku bayani. Ya ce ya faɗi daga inda yake, ya faɗi sunana."

A nan na gane. Na dubi Cleofas, na dubi Tacho.

"Kompadre, ya faɗa muku?"

Tacho yana murza hularsa.

"Ya faɗa, Komadre. Ya ce kwaleji. Na ce wa Cleofas kada wanda ya ji, musamman yaron. Na san ɗana. In ya ji kalmar nan, da ƙafarsa zai fito daga daji ya miƙa musu hannu. Na ɗauka sun gano abin da ya fi so ne suka yi tarko da shi." Ya ɗago ya dube ni. "Wa ya taɓa zuwa filin nan ya kawo mana alheri? Faɗa mini, wa?"

Na buɗe baki zan zazzage shi, don na iya, sai na fasa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Mutumin nan ya tsaya a gaban abin da ya fi tsoro a duniya ya yi musun ɗan cikinsa don ya cece shi. Na tsani ranar, na tsani farar motar, na tsani ƙasar da ta koya mana haka, amma Tacho na kasa tsanarsa. Ya zauna a kan akwatin ƙanƙarata, ana can ana buga ƙwallo babu wanda ya lura.

Ya roƙe mu kada Herlinda ta ji, kada Leobardo ya ji. Ya ce shi zai faɗa da bakinsa in ya samu ƙarfi.

Yanzu Leobardo yana ƙauye wurin kakarsa, yana lodin fiya a motoci. Can ɗan Amurka suke ce masa, suna kwaikwayon yadda yake magana. An ce sun neme shi ya tsaya musu a raga ya ce ya daina. Tacho bai iya kiran da ake ganin fuska ba, don haka ranar Lahadi yakan zo rumfata in kira masa da wayata, in riƙe masa ita.

Wata Lahadi cikin kakar nan ya zo da wankakkiyar riga, ya ce mini yau zai faɗa. Na kira. Fuskar yaron ta fito, ya yi baƙi, ƙasusuwan kumatunsa sun fito. Suka gaisa, ya tambayi hannun uwarsa, ya ce a riƙa sa mata ruwan ɗumi kafin a murza, ba bayan an murza ba. Tacho ya yi gyaran murya.

"Ɗana, maganar mutumin nan da ya zo fili..."

"Baba, don Allah ka bar maganar nan," in ji Leobardo. "Na san tana cin ka. Ka yi iyakar yinka. Da ba ka tsaya ba ranar, a gaban kowa za su sa mini ankwa, a gaban Mama. Ko ba komai ka hana ta ganin wannan."

Leobardo ya ci gaba.

"Kuma me na rasa? Kaji?" Ya yi wata 'yar dariya da ba ta yi mini daɗi ba. "Maganar makaranta dama ni kaɗai nake haukana. Babu inda ba a kai sunana ba, Baba, ko mutum ɗaya bai taɓa cewa yana so na ba. Da na gane haka sai na samu sauƙi. Ka ga ba a ƙwace mini komai ba ke nan."

Na matso da wayar kusa da bakin Tacho.

"Ana ruwa a can?" ya ce.

"Ana yi, Baba. Masara ta yi kyau."

Da aka kashe wayar ya daɗe yana kallon baƙin gilashinta a hannuna. Sannan ya ce: "Komadre, ke da ba kya rasa magana. In na gaya masa akwai wanda ya so shi, har ya zo nemansa ya sake zuwa, na ba shi wani abu ne, ko na ƙwace ɗan abin da ya rage masa?"

Na sa wayar a aljihun rigata, na juya na buɗe tukunya don akwai masu jira. Har yau Tacho bai gaya wa Leobardo ba.